Rawayar Gaffaru da Rawayar Iya

Kai mai karanta waɗannan takardu, tsaya in ba ka kacici-kacici kafin ka shiga. Wasu tagwaye ne, rigarsu ɗaya, rawaya. Ɗaya wata takwas aka yi ana renonsa, ɗaya kuwa tsakanin hantsi da azahar aka haɗa shi. In ka jera su a rana, mai ido biyu ba ya raba su. Aka ɗiga musu ruwan kanwa, ɗaya bai ko motsa ba, ɗaya ya koma ja wur. Su wane ne? Riƙe amsarka tukuna, ni Bibata ba na son gaggawa.

Zango, Kwatano, 6 ga Mayu

Zuwa ga angona Abdulgaffar, jikan da ya bar ni da tsufa ya tafi Yamai neman ilimi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Gwiwata ta hagu ta faɗa mini ruwa na tafe tun gajimare bai haɗu ba, kuma ba ta yi ƙarya ba, shekaranjiya sai da ruwa ya leƙa ɗakin Assétou maƙwabciyata. Ubanka lafiya lau, yana can kasuwar Dantokpa cikin buhunan gero.

Takardarka ta iso hannun Boureima mai albasa, har yau ana jin ƙanshin sana'arsa a jikinta. Ka ce don me ba zan yi maka magana a waya ba kamar kowa. Wayar ta matar ubanka ce, in na sa baki a ciki har kajin gidan nan sai sun ji. Aji uku na yi a lekol, ba zan bar su su ruɓe ba.

Ka tambayi gwangwanin biskit da ka bar mini bayan Sallah, mai 'yan gilasan nan goma sha biyu da ka kawo a auna maka a nan, ka tarar mai na'urar ya yi tafiya. Yana nan. Inda ka ajiye shi nan yake, ko kusa da nan.

To amma Gaffaru, ina da tambaya, ta son sani ce kawai. Wannan rawayar da ke jikin gilasan, da me ake yin ta? Shafa ta ake yi ko rini ne? Kuma wace irin rawaya ce daidai, ta gwaiduwar ƙwai ko ta ɓawon lemo? Ka faɗa mini dalla-dalla, don in mata sun tambaye ni me mijina ke karantawa kada in tsaya ina susar kai.

Amaryarka tsohuwa,
Bibata

Yamai, 17 ga Mayu

Iya amaryata,

Ina gaishe ki da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya, sai zafin Yamai da kika sani.

Na ji daɗin tambayarki, don ko Baba bai taɓa yi mini ita ba. Ba shafawa ake yi ba, Iya, tsirowa take yi a jikin gilashin. Ana narka gishirin wani ƙarfe mai suna kadmiyom a ruwa, a zuba amoniyak, ruwan nan mai hawa kai. Sai a kawo tiyoriya, wani farin gari ne kamar sukari, amma ba a kai shi baki. A cikinsa akwai farar wuta a ɗaure. In aka ɗumama ruwan, ba a bari ya tafasa ba, sai tiyoriya ta riƙa sakin farar wutar kaɗan-kaɗan, tana haɗuwa da kadmiyom, ruwan ya fara komawa rawaya, ƙwayoyin suna zama a jikin gilashin da aka tsoma. Sirrin yana cikin wannan sakin na sannu. In farar wutar ta fito gaba ɗaya, sai komai ya zube ƙasa kamar ƙullin da ya yi gudaji. Ƙwayoyin nan, in kika jera dubu bakwai ba su wuce kaurin gashin kanki ɗaya ba. Irin wannan fatar ake sawa a wasu farantan sola. Launinta kuwa ya fi kusa da ɓawon lemo, kuma ana hangen haske ta cikinta.

Yanzu ga babbar magana. An gyara na'urar labo ɗinmu, wato ɗakin gwaji, wadda lalacewarta ta kai ni Kwatano. Malamina Farfesa ya ce a kawo gilasan a auna a nan. Ki ba Boureima gwangwanin a tafiyarsa ta gaba. Wata takwas na yi ina ɓata ruwa kafin waɗannan goma sha biyun su fito daidai, kuma a kansu zan tsaya gaban malamai a watan Satumba in kare littafina. Gishirin kadmiyom ɗinmu ya kusa ƙarewa, kafin wani ya zo sai an yi watanni. Don Allah kada a buɗe, kada a taɓa da hannu. Shatin yatsa ɓata su yake yi, kuma kadmiyom guba ne.

Angonki,
Gaffaru

Zango, 29 ga Mayu

Gaffaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ni da abinci ba ya shiga mini kwana biyun nan.

Na karanta bayaninka sau uku. Ashe dai girki kake yi a can, kai da ko ruwan shayi ba ka iya ɗorawa ba.

Ga gwangwani nan na ba Boureima, na naɗe shi da tsohon zanena. Goma sha biyu ne cif, ka ƙirga. Sai dai ka san laimar Kwatano, ko gishiri a gidan nan kuka yake yi da damina. In ka ga launin ya ɗan sauya, kada ka yi mamaki.

Ba ni da dogon labari yau.

Bibata

Zango, 4 ga Yuli

Angona,

Ina gaishe ka. Lafiya kuwa? Sati biyar ke nan ba takarda. Ko ka yi sabuwar amarya a Yamai ne ka manta da ta Zango? In haka ne ka faɗa mata ni ban iya kishi ba, amma na iya gori.

Boureima ya dawo tun tuni. Ya wuce ta ƙofar gidanmu sau biyu bai ce mini ci kanki ba, mutumin da ko a kan zem, babur ɗin haya, yake sai ya sa an tsaya ya gaishe ni. Na aika masa da fura, aka dawo mini da ita.

Wannan takardar na ba Kamarou direban bas. Ka rubuto ko layi biyu ne. Yaya gilasan suka isa?

Bibata

Yamai, 12 ga Yuli

Iya,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya. Na yi shiru ne don ban san ta inda zan fara ba.

Ran da gwangwanin ya iso na kai shi labo ban ko buɗe ba, don ina so Farfesa ya fara gani. Ɗalibai biyar na wurin. Ya sa safar hannu ya ɗaga na farko a haske, ya daɗe yana dubawa, ya sa a na'ura. Layin da na'urar ta zana ba irin namu ba ne. Ya sa na biyu da na uku, duk haka. Na ce masa wataƙila laimar Kwatano ce, kamar yadda kika rubuto. Ya kai gilashin hancinsa ya shinshina, sannan ya ɗebo amoniyak ya ɗiga a kai. Iya, wurin ya koma ja. Tamu ba ta yin haka, a cikin amoniyak ɗin ma aka haife ta.

Ya juyo ya ce, “Abdulgaffar, wannan kayan miya ne. Gangamau ne.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yi shekara ashirin yana koyarwa, ya ga masu kwafar littafin wani, ya ga masu gyara lambobi, amma bai taɓa ganin wanda ya raina shi haka ba. Ya karɓi makullin labo daga hannuna. An sa ranar ashirin ga Agusta in tsaya gaban kwamiti. In suka yanke cewa ƙarya na shirya, korata za a yi, kuma ba wata jami'ar da za ta ƙara karɓata. Ɗalibai sun sa mini suna Mai Gangamau. Ba na cin abinci inda suke ci.

Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Daga hannunki sai hannun Boureima. Na san a bakin kogi ana sauke kaya a sa a jirgin ruwa, ina jin nan suka jiƙe ko suka goge, shi kuma ya yi dabara don ya rufe. Na same shi a tasha na faɗa masa haka a gaban abokan cinikinsa. Ya rantse bai kwance zanen ba. Na ce masa maƙaryaci. Shi ya sa ba ya gaishe ki.

Kada ki faɗa wa Baba tukuna.

Gaffaru

Zango, 21 ga Yuli

Abdulgaffar,

Ina gaishe ka. Yau ba zan kira ka ango ba, ban cancanta ba. Kada ka tambayi lafiyata, lafiyata ƙalau, ita ce ma abin haushin.

Boureima bai kwance zanen ba. Ni ce.

Bari in faɗa maka tun daga farko, in ka gama karantawa ka yi yadda ka ga dama da ni. Kwana huɗu da tafiyarka aka yi suna a gidan su Assétou. Mata sun cika tsakar gida, kowa na yabon nata. Wannan ɗanta ya sayi mota, waccan jikarta ta auri mai shago uku. Aka juyo kaina aka ce ni fa, jikan nan nawa da ya shekara ashirin da shida yana karatu, me ya taɓa kawowa gida? Ka san bakina. Na ce jikana yana kama rana ya ɗaure ta a gilashi. Suka yi dariya, Assétou ta ce in nuna musu ranar. Na tashi da gwiwar nan tawa na je na jawo gwangwanin.

Ka faɗa mini kada in buɗe, na ji ka sarai. Na ce a raina kallo ai ba ya cinye abu. Abin da na manta shi ne mun gama cin teba da miyar manja. Gilasan nan suka zaga tsakar gida hannu zuwa hannu, kowa na ɗagawa tana kallon rana ta ciki. Sun yaba, wallahi sun yaba, ranar na dawo gida ina tafiya kamar wadda aka naɗa. Da na duba su washegari, kowanne da shatin yatsa na manja a kai.

Na ce abu mai sauƙi. Shekara hamsin ina wanke gilashin fitila. Na samo toka mai laushi da lemon tsami da soso, na zauna bakin rariya. Na farko ya fita tas, manjan ya tafi, rawayar ma ta bi shi. Na ɗauka in ya bushe za ta dawo. Maimakon in tsaya, sai na ce bari su zama iri ɗaya, kada ɗaya ya tona sauran. Na wanke goma sha biyun. Gaffaru, ban taɓa wanke abu ya yi kyau haka ba.

Shi ya sa na tambaye ka yadda ake yin ta. Da amsarka ta zo na hau zem na tafi Dantokpa da takardar a hannu, ina bin masu sayar da garin rini ina tambayar tiyoriya. Wani ya miƙo mini kanwa, wani ya ce in gwada kantin magani. Wani tsohon maƙerin azurfa ne kaɗai ya ce ya san sunan, yana cikin ruwan da suke wanke mundaye da shi, amma ya ce ko na samu, ɗayan gishirin ba a sayar wa tsofaffi irina. Da na ga ba hanya, na sayi gangamau da ƙaro. Na daka, na tace da ɗankwali sau uku, na jiƙa ƙaron, na shafa da gashin kaza, na shanya a inuwa. Ka ce ɓawon lemo, na ajiye ɓawon lemo a gefe ina gwadawa. Kafin azahar na gama. Har na ji daɗin aikina, Allah ya yafe mini. Na ce na'ura ai ba ta da ido, rawaya rawaya ce.

Ni da na san tun ina yarinya in kanwa ta taɓa gangamau ja yake komawa. Ban kawo malaminka ma ya sani ba.

Da ka rubuto cewa wata takwas ka yi a kansu, a ranar ya kamata in faɗa maka. Na ɗauki biro sau biyu na ajiye. Na ji kunyar jikana ya san kakarsa ta yi wauta, sai na bari aka kira shi maƙaryaci a gaban mutane, shi kuma ya kira wani bawan Allah haka. Na faɗa wa ubanka jiya. Ya sa takalminsa ya fita, har yanzu ba mu haɗa ido ba.

Ka nuna wa malaminka wannan takardar. In ya ce in zo Yamai, zan zo ko da rarrafe.

Bibata

Yamai, 5 ga Agusta

Iya,

Ina gaishe ki. Na yi kwana uku da takardarki a aljihu kafin in iya sake karanta ta. Ba zan ce ban yi fushi ba.

Kafin komai: ina soson, kuma ina kika zubar da ruwan wankin? Abin da ke jikin gilasan kaɗan ne ƙwarai, amma ki jefar da soson da kwanon, kada a ƙara sa abinci a ciki.

Na fassara wa Farfesa takardar. Bai yi dariya ba. Ya ce kowane ɗalibi yana da kaka, kuma kowa na iya rubuta Hausa da hannun hagu. Amma ya ba ni dama ɗaya. Ya fito da ragowar gishirin kadmiyom, wanda bai fi na tsomi ɗaya ba, ya ce in yi a gabansa. Ya ja kujera ya zauna. Na auna, na zuba amoniyak, na zuba tiyoriya, na tsoma gilashi huɗu. Minti goma ruwan nan fari kamar ba abin da ke ciki, sannan ya fara juyawa. Da aka sa su a na'ura, layin ya faɗi daidai inda na rubuta a littafina tun watan Maris, kafin na'urar ta lalace.

Ya ce yanzu shi ya yarda na iya. Amma kwamiti ba su ga wannan ba, gilasan gangamau suka gani, kuma sai an nuna musu wanda ya shafa. Suna son shaidarki a rubuce da Faransanci, da sa hannunki, da hatimin meri, wato ofishin magajin gari, da shaidu biyu, kafin ashirin ga wata. In ba ta zo ba, maganar tana nan yadda take.

Na san abin da wannan ke nufi a Zango, Iya. Ban ce dole ba.

Na nemi Boureima a tasha, aka ce yana Kwatano.

Gaffaru

Zango, 13 ga Agusta

Angona, in har yanzu kana amsa sunan,

Gaisuwa mai yawa. Gwiwa da sauƙi. Soso da kwano sun tafi, ruwan kuwa tun ranar ya bi rariya.

Ga takardarka nan cikin ambulan, da hatimi har biyu. Bari ka ji yadda aka same ta.

Ka san mai rubuta Faransanci a unguwar nan ɗaya ne, Malam Halilu, mai tebur a bakin masallaci. Ka kuma san kunnensa ya yi nauyi. Na zaɓi hantsi don in same shi shi kaɗai. Na zauna na sunkuya na fara faɗa masa a hankali. Ya ce in ɗaga murya. Na ɗaga. Ya ce toka da me? Na ce da lemon tsami. Ya ce gashin me? Kafin mu kai kan gangamau, masu shayi sun bar shayinsu, masu zem uku sun kashe inji, wani mahauci ya zo da wuƙarsa a hannu ya tsaya. Da ya gama, sai ya ce doka ce ya karanta mini in ji ko daidai ne, ya karanta da Faransanci, ya kuma juya da Hausa da muryar nan tasa ta ladan. Shekara arba'in ina ba mutanen Zango labarin wautar wasu. Ranar ba wanda ya yi dariya a gabana, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Shaida ta farko Assétou ce. Ta ce tunda har da yatsunta a cikin manjan, ba za ta ƙi ba. Na biyu na ce sai Boureima. Na same shi a rumfarsa yana ware albasa, abokan cinikinsa na zaune. Ban tsaya a kira shi gefe ba, tunda kai ma ba a gefe ka faɗa masa ba. Na durƙusa, gwiwar ta yi ƙara kowa ya ji, na faɗi abin da na yi. Ya bar ni a durƙushe ya ci gaba da ware albasarsa har sai da ya cika kwando. Sannan ya ce, “Iya, tashi. Ke kin biya naki. Saura shi.” Ya bi mu meri ya sa hannu, kuma ya ce shi zai kawo maka takardar da kansa, ba Kamarou ba. Gobe zai taso. In ya iso ka san abin da ya rage maka, kuma a tasha za ka yi shi, a gaban mutanen da suka ji na farko.

Ubanka ya fara gaishe ni. Mata kuwa sun daina kirana Iya Bibata, yanzu Farfesa nake. Na amsa. Ka faɗa wa abokan karatunka su sauke maka sunan nan, mai shi tana Kwatano.

In ka tsaya gaban malaman a Satumba, kada ka aiko mini da gilashi ko ɗaya. Hoto ya isa.

Akwai wani kacici-kacici da na ƙirƙira na tagwaye masu rigar rawaya, na rubuta shi a bayan ambulan da nake tara takardunka a ciki. Na gwada wa matan gidan suna jiya, ba wadda ta tsaya tunani, duk Zango an san amsar. Na wata takwas rawayar kadmiyom ce da tiyoriya ta haifa a jikin gilashi, kanwa ba ta sauya ta. Wanda ya koma ja gangamau ne da ƙaro, kuma ni Bibata na shafa shi da gashin kaza.